Sharhi kan sola mai batir biyu bayan shekara biyu ana amfani da ita a Kano

Kayan da nake wannan sharhi a kansu su ne irin waɗanda aka fi haɗawa a gidajen masu matsakaicin ƙarfi: fanel huɗu masu wat 300 kowanne, inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) mai 1.5kVA da bolt 24, batir biyu masu ruwa irin dogayen nan masu 200Ah (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), sai kwantirola ta caji, wadda ke daidaita wutar da ke shiga batir daga fanel. Hukuncina a taƙaice shi ne sola tana aiki, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ta fi janareta sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wanda bai san lissafin batir ba, zai yi asarar kuɗinsa cikin shekara guda, maƙwabtansa kuma su ce sola yaudara ce.

Batir ɗaya mai bolt 12 da 200Ah yana ɗaukar wat-awa 2,400, biyu ke nan 4,800. Sai dai batirin dalma, wato irin wannan mai ruwa, ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabi kawai ake taɓawa idan ana so ya daɗe. Abin da ke hannunka da dare 2,400 ne. Fankar sama biyu masu wat 75 na awa takwas sun ci 1,200. Ƙwan fitila shida masu wat 9 na awa biyar, 270. Talabijin da dikoda na awa huɗu, kusan 320. Ka ƙara cajin waya da abin da inbata take ci da kanta, ka kai wajen 2,200. Babu gurbin firji a wannan lissafi, balle dutsen guga mai wat 1,000 ko injin jan ruwa, wanda yake fizgar ninki uku na ƙarfinsa lokacin tashi. Masu sayarwa da yawa ba sa faɗin wannan, sai su ce "zai ɗauki komai", kuma daga nan ɓarnar take farawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin inbatocin nan ba sa yanke wuta sai batir ya sauka wajen bolt 21, alhali rabin caji yana wajen bolt 24.2 idan babu kaya a kai. Iyali suna barci da fanka har inbata ta yi ƙara ta mutu, kullum haka, kafin wata goma batirin da ya kamata ya yi shekara uku ko huɗu ya daina riƙe wuta. Idan inbatarka tana da wurin saiti, a ɗaga ma'aunin yankewar zuwa wajen bolt 23. Zafi ma yana da nasa kason: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma, ga shi a Afrilu zafin Kano yana haura 40. Kada a ajiye shi a shago mai rufin kwano marar taga. A duba ruwansa duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kaɗai. Ruwan rijiya ko na leda yana ɗauke da gishirin da ke lalata farantan ciki.

Fanel ɗin kam ba su da laifi sosai. Wat 1,200 da ke rubuce ban taɓa ganinsa ba. Da tsakar rana mai kyau kwantirola tana nuna 850 zuwa 900, domin fanel yana rage ƙarfi idan ya yi zafi. Da hunturu, mako biyu babu wanki ya isa ƙura ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A wanke da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, kafin gilashin ya ɗau zafi. A fuskantar da su kudu, a karkata su digiri 10 zuwa 15, a bar tazarar iska tsakaninsu da kwano. Inuwar tankin ruwa ko reshen darbejiya a kan fanel ɗaya tana rage ƙarfin duk fanel ɗin da ke layi ɗaya da shi. Kasuwa kuma cike take da jabu: a manna takardar wat 300 a jikin wanda bai kai 200 ba. Kafin a biya, a fitar da shi rana a auna da mita, a gwada da abin da ke rubuce a bayansa.

Kwantirola irin da ake kira PWM da aka fara sa wa kayan ba ta burge ni ba, saboda tana zubar da rarar bolt ɗin fanel. Da aka canza zuwa irin da ake kira MPPT mai amp 60, wadda ke mayar da wannan rarar caji, batir ya koma cika kafin la'asar. Waya ma wurin ha'inci ce. Daga batir zuwa inbata ana buƙatar ta tagulla mai kaurin murabba'in milimita 16 zuwa 25 (mm²), gajera, da fis a tsakani. Siririyar waya tana ɗumi, tana cin wuta, kuma ita ce silar gobara a gidaje da dama.

Duk wannan ya nuna dalilin da sola ba ta yaɗu a unguwanni da ƙauyuka yadda ya kamata ba, duk da ranar da Allah ya hore mana. Kuɗin ana biyansa ne gaba ɗaya, kayan kuma daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala. Mai shayi ko tela yana iya sayen fetur na yau, amma tara kuɗin batir biyu a lokaci guda ya fi ƙarfinsa. A watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, jama'a sun yi rububin sayen sola, masu haɗawa na gaggawa suka cika gari. Ƙwararrun masu gyara kuwa sun taru a birane. A ƙauye fis ɗaya ya ƙone, kayan su zauna wata da watanni.

Ga mai niyyar saye, shawarata ya fara da rage kaya: fanka mai amfani da DC, wato wutar batir kai tsaye, tana cin wat 20 zuwa 30 ne kawai. Idan da hali ya tsallake batirin ruwa ya ɗauki na lithium irin LiFePO4, wanda ake iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa kuma ba ya neman ruwa. Ya kuma karɓi garanti a rubuce, da lambar jikin kowane batir a kan rasit.