Gidan abincin kusa da Babbar Kasuwar Maraɗi: tuwo ya yi, tsaro da saura

Tuwon shinkafa da miyar kuka ba laifi, jaka ɗaya ta ƙosar da mutum. Damuwarmu ƙofa ce. Tun bam ɗin gidan abincin Shagalinku na Jos a Yulin 2015, cikin azumi, an san lokacin cunkoso ake hari.

Mai gadi yana da na'urar bincike, amma da magariba in layi ya yi tsawo sai ya ajiye ta. Buhu da jakar baya su wuce ba a buɗe ba. 'Yan kabu-kabu kuma suna jingine babura a bangon da mutane ke cin abinci, ga tukwanen gas uku a bayansa. Ƙofar baya, wadda za a bi in abu ya faru, da kwaɗo take kullum. Alhaji mai gida, don Allah a buɗe ta, a kuma mayar da baburan tsallaken hanya.