Man kaɗanya na gargajiya: wata uku ina shafa shi, ga abin da na gani

Hunturun bana ya taɓa ni sosai. Tun ƙarshen Nuwamba dunduniyata ta fara faso, har ta kai idan na taka darduma sai na ji zare yana kama ni. Hannuwana kuwa, da wanki da wanke-wanke, suka yi furu-furu kamar na tsoma su a toka. Na sayi man shafawa kala biyu a kanti, masu ƙamshi da tsada. Da safe fata ta yi laushi, kafin azahar ta koma yadda take.

Maƙwabciyata ce ta ga ƙafata ranar da muke tsince shinkafa a tsakar gida. Mahaifiyarta Banufiya ce, kuma duk shekara ana aiko musu da man kaɗanya daga wajen Bida. Da yamma sai ga yarinyarta da ɗan curi a leda, ta ce, "Umma ta ce ki gwada wannan, amma ki jiƙa ƙafar tukuna." Bayan mako biyu na ba da kuɗi aka kawo mini cikin roba guda.

Abu na farko da zai tare ki shi ne ƙauri. Man da ba a tace a masana'anta ba yana da warin hayaƙi da na soyayyen ƙwallo, saboda yadda ake yin sa. Mata ne ke tsintar 'ya'yan kaɗanya da damina, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan su yi ta murza ƙullun da ruwa har man ya taso sama, a kwashe a sake dafawa. Kwana ukun farko warin ya dame ni, maigida ma ya yi magana. Daga baya na lura cewa idan ya shiga jiki, cikin rabin sa'a yake lafawa. Launinsa fari ne mai ɗan ruwan ƙwai, da sanyin asuba yana da tauri kamar sabulu, amma da zarar kin murza shi a tafin hannu zafin jiki kaɗai ya isa ya narkar da shi.

Yadda nake yi ba wani abu ne mai wahala ba. Bayan sallar isha'i nakan zuba ruwan ɗumi a baho, in tsoma ƙafafuna kamar minti goma, in goge kaushin da dutse a hankali, in tsane ruwan sama-sama. Tun fatar tana da danshi nake shafa man, in sa safa, in kwanta. Nan sirrin yake. Man kaɗanya ba ruwa yake ba fata ba, rufe ta yake yi don danshin da ke ciki kada iskar hunturu ta zuƙe shi. Ranar da na shafa a busasshiyar ƙafa, maiƙo kawai na gani. A mako na biyu zafin fason ya daina, a na huɗu tsagar ta haɗe. Sau biyu na yi sakaci na kwana uku a jere, kuma kaushin ya fara dawowa. Mai yi rana ɗaya ta bari uku, kada ta ɗora wa man laifi.

Wannan minti goman ma ya zame mini wani hutu da ban nema ba. Yara sun yi barci, na ajiye waya, ina zaune da kofin shayin citta da kanumfari ina yin azkar ɗina.

Yana da nasa aibin, kuma zan faɗa. A fuska bai karɓe ni ba: na shafa kwana biyar, ƙananan ƙuraje suka fito mini a goshi, na daina. Yana ɓata rigar matashin kai idan aka cika shi a gashi. Sannan na taɓa barin robar kusa da murhu, ya narke ya sake daskarewa a hankali, sai ya koma tsaki-tsaki a hannu. Bai lalace ba. Na ɗora robar a kan ruwan zafi ya narke duka, na sa a firji ya kama da sauri, ya dawo sumul. Mai ciwon suga kuma, idan ƙafarta ta tsage ko ta yi rauni, asibiti za ta nufa, ba robar mai ba.

Ban yi ciniki da yawa ba da aka faɗa mini kuɗinsa. Itacen kaɗanya yakan shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, galibinsa a daji yake ba shuka shi aka yi ba, kuma aikin tun daga tsinta har kwashe man a wuyan matan karkara yake, a Neja da Kwara da Kebbi da sauran wurare. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon zuwa waje na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Ni dai fatana ribar ta riƙa isa hannun waɗanda ke tsugunne gaban tukunya.

Roba guda ta fi ƙarfin mutum ɗaya, don ɗan kaɗan ake lakuta. Sai na tara ƙananan kwalabe, na wanke su da ruwan zafi, na shanya suka bushe ƙarau, na rarraba. Ɗaya na kai wa ƙawata ma'aikaciyar jinya, wadda wankin hannu ba ya ƙare mata a wurin aiki har bayan yatsunta na tsagewa. Ɗaya na kai wa wata mai jego a layinmu, tare da kunun gyaɗa a fulas. Ta ƙarshe na kai wa Inna, tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a bakin lungu, wadda kullum take zaune cikin iska.

Da na miƙa mata ta buɗe, ta shinshina, ta ce, "Kai, 'yar nan, wannan na ainihi ne. Irinsa kakata ke shafa mana bayan wanka." Ta ce idanunta ba sa ganin dunduniyarta sosai, bayanta kuma ba ya sunkuyuwa. Na ce, "Inna, miƙo ƙafar." Tun ranar, duk daren Juma'a nake leƙa ta da butar ruwan ɗumi, kuma jiya na aika a ƙaro mini roba biyu kafin sanyin ya wuce.