Adashin masu shara a Rigasa: wata takwas ina ciki

Ni mai shara ce a wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi, gidana kuma yana Rigasa. Keke biyu nake hawa kafin in isa wurin aiki, biyu kuma in dawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye min albashi kafin wata ya raba. Da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, gwamnatin Kaduna kuma ta ce nata 72,000 ne, har guɗa na yi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mu kuwa sha ɗaya ne har da mai gadi.

Wata maƙwabciyata mai wanki da guga ce ta ja ni zuwa wannan adashi. Mu talatin da biyu ne: masu shara, 'yan aikin gida, masu kitso, da masu gadi uku. Ba ofis, ba allo a ƙofa. Ranar Lahadi bayan la'asar ake haɗuwa a tsakar gidan uwar adashin, ita ma shara take yi a wani asibiti. Zubi naira 1,500 ne a mako. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ta cire ko kwabo. Wanda ya saba da mai adashin yawo ya san zubin rana ɗaya nasa ne duk wata. Nan kuwa ita da mata biyun da ke taya ta, don Allah suke yi.

Inda suka fi burge ni shi ne sarin abinci. Ƙarshen wata a haɗa kuɗi daban, masu gadin su je kasuwa su ɗauko buhun masara da na shinkafa 'yar Hausa da jarkar manja. Sai a shimfiɗa tabarma a zazzage buhun, uwar adashi ta zauna ta miƙe ƙafa da mudu a hannu. Tana cika shi har ya yi tozo, ba ta shafe kan da tafin hannu kamar yadda mai shagon layinmu yake yi yana kallon gefe. Kowa ta buɗe bakin leda, ana auna mata ana ƙirgawa da ƙarfi. Tsabar da ta zube a tabarma ma ba a barinta, ana tattara ta a ba wadda ta fi yawan yara. A wata na farko da na lissafa, na ga rarar da na samu ta kai kuɗin kekena na kwana huɗu.

Akwai kuma asusun ko-ta-kwana, naira ɗari biyu-biyu. Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da autana a watan Agusta, ga albashi an riƙe mana, na je wurin uwar adashi da daddare ina jin kunya. Ta kira shaidu biyu a waya, ta ƙirgo min 15,000, ta ce, "Maman yara, je ki kai shi asibiti tukuna, maganar biya sai ya tashi." Babu ruwa a kai. Cikin wata uku na biya.

To amma ba zan ɓoye aibinsu ba. Duk lissafin mutum talatin da biyu yana cikin littafin makaranta guda ɗaya, kuma mace ɗaya ce ke rubutawa, ita ma a gajiye take zuwa. Da damina ruwa ya yoyo ya jiƙa shafi uku. Aka ce ban yi zubin mako biyu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a gaban mutane aka faɗa. Allah ya taimake ni ta wurin mai POS na tura, sai da na je gida na tono takardun a cikin gwangwanin madara. Sun ba ni haƙuri, amma wadda ta ba da kuɗi hannu da hannu fa? Na ce a riƙa ɗaukar hoton shafin a waya duk Lahadi a tura WhatsApp. An amsa da to, an yi sau biyu, an bari.

Taron ma yana ja. A ce ƙarfe huɗu, sai biyar da rabi ake buɗe littafi, masu gadin dare su tashi ba a gama ba. Sannan har yanzu ana jiran wata da ta kwasa da wuri ta hau jirgin ƙasa zuwa aikatau Abuja, kodayake yayarta ta tsaya mata tana biyan rabi-rabi. Tun daga nan sabon shiga sai ya kawo mai tsaya masa, kuma kwasarsa a ƙarshe take.

Ni tawa kwasar saura mako biyar, naira 48,000. Na riga na yi magana da wata a Tudun Wada da za ta sayar da tsohon keken ɗinkinta, ta ce 55,000, ina ta lallaɓa ta.