Kwana uku a Kiribi: teku a ƙofar ɗaki, famfo a bushe

Otal ɗin da na sauka yana kan hanyar da ta fita daga garin Kiribi na ƙasar Kamaru ta nufi Lobe, kuma abin da masu otal ɗin suka faɗa kan kusancinsa da teku gaskiya ne: daga ƙofar ɗaki zuwa ruwa bai fi taku 30 ba. Maganar ruwan wanka ce suka haɗiye.

Ga yadda tsarinsu yake. Rijiyar burtsatse gare su, injin lantarki ke tura ruwa zuwa tanki ɗaya tal, na lita 2,000, a kan ƙarfe bayan kicin. Ɗakuna 14 da kicin da wanki duk a kansa suke. In aka ɗauke wuta, janareta ba ya tashi sai 7 na yamma, a kashe shi 12 na dare, kuma ba a haɗa injin ruwan da shi ba, wai yana jan wuta da yawa wajen tashi. Ranar Asabar, da mutanen Duwala da Yawunde suka cika wurin, kafin azahar tankin ya ƙafe. Mutum ya fito daga teku, gishiri ya bushe masa a fata, yashi har cikin kunne, ya murɗa famfo sai huci. Bokiti ɗaya suka bai wa kowane ɗaki. Alwala dai da sauƙi tunda ruwan teku ya halatta, amma sabulu ba ya kumfar kirki da shi. Na'urar sanyaya ɗakin ma iskar gishiri ta cinye injinta na waje, tsatsa ta toshe shi, sai ƙugi ba sanyi. Ɗauraye shi da ruwan daɗi a kai a kai ne maganin, to ina ruwan?

Kifi ne ya sanyaya mini rai. A Mbowa Manga, inda kogin Kiyenke ya shiga teku, masunta ke sauke kamunsu. Ka zaɓi naka, ka duba idonsa garau, ƙarƙashin kuncinsa ja, ku gama ciniki, sannan ka miƙa wa masu gashi. Kuɗin gashi daban ne, a tsayar da shi kafin kifi ya hau wuta. Da yaji da miyondo, rogon nan da ake naɗewa a ganye, wallahi har na fara yafe wa otal ɗin. Jatan landen Lobe kuma ba a magana. Wurin yana kamar kilomita 7 kudu da gari, inda kogin ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ɗan acaɓa zai kai ka. Akwai kuma hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, kallon minti 10 ce.

Sai ka dawo masauki da ƙarnin kifi a hannu, famfo na nan yadda ka bar shi. Da kuɗin da suke karɓa, ƙara tanki na biyu ba zai karya su ba. Ko yashin da ke hotonsu ma na rabin yini ne. Teku na cika sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da janyewa kamar awa 6, lokacin kuma yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum. In ta cika, har jikin katangarsu take dukawa, babu wurin shimfiɗa tabarma, kuma ba mai ceto ko ɗaya a bakin ruwan, masu yara su kula.

Wanda zai je, ya je tsakanin Disamba da Fabrairu, don Satumba da Oktoba ruwan sama ba ya ɗaga ƙafa. Kafin ka biya, tambayi tankinsu nawa, ko injin ruwa na kan janareta, sannan ka murɗa famfon banɗaki da hannunka. Kiribi zan koma, amma ba wannan otal ɗin ba.