Gargaɗi Kan Mai Sayar da Kan Harsashi da Ya Damfare Ni Dala 640

Na shafe kwana tara ina kokawa da zuciyata kafin in rubuta wannan, domin kunya ta fi asarar ciwo. Dala 640 aka karɓe mini a kan kan harsashi guda 2,000, wato ƙwayar dalmar da take fita daga bakin bindiga, da har yau ban ga ko ƙwara ɗaya ba, kuma a cikin kuɗin nan akwai dala 170 da ba tawa ba ce. Ina zaune a jihar Dakota ta Kudu a Amurka shekara goma sha ɗaya ke nan, ina da lasisin farauta, kuma ni nake ɗura harsashina da hannuna tun kafin ƙarancin kayan bindiga na 2020 da 2021. Saboda haka duk wanda zai ce rashin sani ne ya ja mini, ya dakata ya ji yadda abin ya faru tukuna.

Duk bazara nakan tsallake kogin Misuri zuwa yamma, wurin kiwon shanu na surukin wani abokin aikina, inda wata dabba mai kama da kurege take haƙa ramuka birjik tana cinye ciyawar da shanu za su ci. Idan sanyi ya shigo kuma sai mu koma kan dilan ƙasar nan, wanda suke kira koyoti, saboda 'yan maruƙa. Bindigata ƙirar .223 Remington ce, kuma murɗin da ke cikin bututunta zagaye ɗaya yake yi a kowane inci 12. Irin wannan murɗi ba ya riƙe dogon kan harsashi mai nauyi, sai mara nauyi, daga giren 40 zuwa 55. Giren 40 bai wuce giram 2.6 ba, yana fita da gudun da ya haura ƙafa 3,600 a daƙiƙa, kuma idan mai tsinin roba ne da siririn ɓawon tagulla, da ya taɓa abu yake tarwatsewa. Abin da mai garken yake so ke nan, domin harsashin soja mai cikakken ɓawo yana iya dukan ƙasa ya yi tsalle ya nufi inda shanu suke, ko inda gidan maƙwabci yake. Na faɗi wannan ne don a gane cewa na san abin da nake nema tun kafin in ga tallar mutumin nan.

A intanet na ga tallar. Shafin yana da hotunan kwalaye, da adireshin shago a wata jiha, da lambar waya, da farashin dala 340 a kan guda 2,000, wato santi 17 kowane ɗaya. Farashin ya yi sauƙi, ban musa ba, amma bai yi sauƙin da zai sa mutum ya tsorata ba, domin mai sayen sari yakan sami rangwame. Ban tura ko sisi ba sai da na kira lambar, kuma wani ya ɗauka, da muryar dattijo mai natsuwa. Na ce masa ina son giren 40 mai tsinin roba. Bai ce in biya ba, bai yi gaggawa ba, sai ya ce, "Yallaɓai, murɗin bututunka nawa ne?" Wannan tambayar ce ta kashe ni. Na ce masa ɗaya a 12. Ya ce madalla, na yi zaɓi daidai, da a ce ɗaya a 7 ne da ya hana ni, domin siririn ɓawo yana iya fashewa a iska idan juyawar ta yi yawa kafin ya kai inda aka auna. Ya ƙara da cewa iskar Dakota tana kaɗa giren 40 idan nisa ya wuce yadi 300, don haka in yi tunanin giren 50 ko 55 saboda koyoti. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma shi ya sa har yanzu nake tashi cikin dare ina jin muryarsa yana cewa murɗin bututunka nawa ne. Wane ɓarawo ne zai tsaya yana ba ka shawarar da za ta iya rage masa ciniki? Haka na tambayi kaina a ranar, kuma da wannan tambayar na rufe idona.

Ya ce na'urar karɓar katinsu ta lalace, in tura ta manhajar da ake aika kuɗi daga asusun banki zuwa asusun banki. Sunan da ya fito a manhajar na mace ne, ba na shago ba, ya ce matarsa ce mai riƙe da lissafi. Na tura dala 340. A'a, kafin wannan sai da na kira ɗan mai garken, na ce masa na samo mana kaya mai kyau, ya aiko mini dala 170 ta rabin kason, kuma ni ne na ce masa kada ya damu, na yi magana da mutumin da bakina, ya san aikinsa. Wannan kalmar ce take ƙona ni fiye da komai. Yaron nan yana kallona a matsayin wanda ya fi shi sanin ɗurin harsashi, kuma mahaifinsa ya buɗe mini ƙofar gonarsa shekara da shekaru ba ya karɓar ko kwabo.

Bayan kwana biyu sai saƙo ya zo cewa kaya suna hannun masu jigila, amma sai an biya dala 85 kuɗin kaya masu haɗari. A nan ne ya kamata in farka, kuma ba zan yafe wa kaina wannan ba. Na sani sarai cewa albarushi da ƙwayar da ke kunna shi ne ake biya wa wannan kuɗin. Kan harsashi zalla dalma ce da tagulla da ɗan tsinin roba, babu abin da zai kama da wuta a cikinsa, kuma sau nawa aka kawo mini shi ƙofar gida ba tare da an nemi wannan kuɗin ba. Na sani, amma na riga na zuba dala 340, ga kuɗin mutane a ciki, sai na ce wa kaina wataƙila sabuwar ƙa'ida ce. Na tura dala 85. Uwargida tana tsaye a kaina ta ce, "Malam, anya kuwa?" Na ce mata ta bar maganar, ba fanninta ba ne. Ta yi shiru ta koma ɗaki, kuma har yau ba ta tayar da zancen ba, wanda da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Lambar bin sawun kaya da suka ba ni tana aiki, amma a shafin wani kamfanin jigila da ban taɓa jin sunansa ba, yana nuna wai kwalina ya iso wani gari ya tsaya. Daga baya na gane shafin nasu ne, su suke rubuta abin da suka ga dama. Wannan ya zo ne bayan na tura wata dala 215 da suka nema wai ta inshora, ko kuma ana gobe zan tura ta, domin kwanakin sun cakuɗe mini. Abin da na tabbata shi ne an ce kuɗin ajiya ne, direba zai mayar mini da su hannu da hannu ranar da ya sauke kaya. Dala 340, da dala 85, da dala 215, jimla dala 640. Da suka sake neman wata dala 300 wai an tsare motar a iyakar jiha, sai na kira dattijon nan mai maganar murɗin bututu, wayar ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, washegari kuma layin ya mutu gaba ɗaya. Na duba adireshin shagon a taswira, na ga fili ne da ɗakunan ajiyar kaya na haya. Hotunan kwalayen ma na same su a wani wuri, an ɗauke su tun shekarun baya.

Na je banki, suka saurare ni da ladabi, suka ce tunda da hannuna na amince da turawar, da wuya kuɗin su dawo. Na shigar da ƙara a sashen FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, mai karɓar koken laifukan intanet, na kuma kai rahoto ga 'yan sandan garinmu, an ba ni lamba na adana. Ina da hoton kowane saƙo, da rasit ɗin turawa guda uku, da hoton shafin kafin su sauke shi, kuma zan sa su duka da zarar na gama rufe lambar asusuna da sunan matar da aka yi amfani da shi, domin mai yiwuwa ita ma sace sunanta aka yi. Shafin ya riga ya dawo da wani suna daban, da hotuna iri ɗaya da farashi iri ɗaya, dala 340.

Duk wanda ya ƙi karɓar kati, kada ku tura masa kuɗi, kuma duk wanda ya nemi kuɗin kaya masu haɗari a kan kan harsashi zalla ɓarawo ne, ko da ya fi ku sanin bindiga.

Ɗan mai garken na mayar masa da dala 170 ɗinsa daga aljihuna ranar Asabar, na ce masa kayan sun ƙare a wurin mai sayarwa. Ƙarya na yi masa, kuma dole in koma in gaya masa gaskiya kafin mu fita farauta a watan Yuni, domin jiya ya aiko mini saƙo yana neman lambar dattijon, wai yana son ya tambaye shi ko giren 50 zai dace da tasa bindigar.