Wata takwas muna aiki da Odoo a kamfaninmu, ga yadda na same ta

Tun da muka koma kan Odoo mutane ke ta tambayata ko ta biya kuɗin sabulu, to bari yau in faɗa gaba ɗaya in huta. Mu ashirin da ƴan kai ne a wajen aikin, muna saro kaya da yawa mu sayar wa ƴan kasuwa, sito biyu gare mu, kuma ni aka ɗora wa nauyin wannan canjin saboda ni na fi kowa surutu a kai.

Kafin nan da Excel da littafi muke komai. Mai sito da littafinsa, akanta da fayil ɗinta, masu sayarwa kowa da nasa a waya, in ƙarshen wata ya zo sai ka ga lissafi uku ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa, a kwana biyu ana neman inda katan goma sha ɗaya suka shiga, har a fara kallon juna da zargi alhali ba wanda ya ɗauki komai, mantuwa ce kawai aka yi ba a rubuta ba. Wannan zargin shi ya fi ci min rai wallahi, fiye da asarar.

Ga wanda bai santa ba, Odoo manhaja ce ta tafiyar da kamfani gaba ɗaya, irin wadda ake kira ERP. Wani ɗan Beljiyam mai suna Fabien Pinckaers ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, daga baya ta zama OpenERP, a 2014 aka sa mata Odoo. Kashi-kashi take, akwai na saye, na sayarwa, na sito, na lissafin kuɗi, na ma'aikata, ka ɗauki wanda kake so ka bar sauran, amma duk rumbun bayanai ɗaya suke zubawa. Iri biyu ce, Community wadda take kyauta kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, da Enterprise da ake biya bisa yawan masu amfani. Cikakken ɓangaren akanta da na sikanin lambar kaya suna cikin ta biyan, shi ya sa muka ɗauke ta, don haka ka san abin da kake buƙata tun kafin ka zaɓa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sito. A wajenta kaya ba sa ɓacewa haka kawai, duk abin da ya motsa sai ya bar wani wuri ya shiga wani, daga mai kawo kaya zuwa sito, daga sito zuwa kwastoma, ko da lalacewa ya yi akwai inda ake tura shi a rubuce. Kuma kowace takarda tana da wajen da ke nuna wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa. Ranar farko da aka yi gardama kan wata oda na buɗe na nuna cewa an rage adadin ne ƙarfe huɗu da minti goma bayan kwastoma ya kira, magana ta mutu nan take, ba wanda aka ci wa mutunci. Sannan kana iya sa mata iyaka, in kaya ya yi ƙasa da adadi kaza ta shirya maka takardar sayo wani, kai dai dubawa za ka yi ka amince. A ɓangaren sayarwa na kanti kuma in netwok ya ɗauke ana ci gaba da sayarwa, in ya dawo sai ta tura bayanan cinikin.

Amma fa wata biyun farko mun sha wuya, kuma yawanci mu muka jawo wa kanmu. Da muka zo ɗora jerin kayanmu sai muka tarar abu ɗaya yana da suna uku a fayil ɗinmu, wani an rubuta shi da katan wani da dozin wani da guda, haka muka kwashe muka zuba, ita kuma abin da ka ba ta shi za ta riƙe. Sai da muka rufe sito rana guda cur muka ƙirga komai da hannu muka sake shigarwa. Wanda muka ɗauka ya saita mana ma bai taimaka ba, kwana biyu ya koya mana ya tafi, in ka kira sai gobe. Nemi wanda zai zauna da ku har ku rufe lissafin wata ɗaya tare, a rubuta hakan cikin yarjejeniya.

Mai sitonmu dattijo ne, ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, sati uku yana rubutawa a littafi da rana sannan da yamma ya shigar a kwamfuta, wanda ke nufin duk yini masu sayarwa suna ganin kayan da babu. Na same shi na ce Baba, me ya sa ba ka shigarwa lokacin da kaya ke fita? Ya ce ɗana, in na danna ba daidai ba kowa zai ga sunana. Ashe tsoro ne, ba taurin kai ba. Na zauna da shi na yi kuskure da gangan na nuna masa yadda ake mayar da kaya a gyara, muka maimaita sau biyar, yanzu shi ne ba ya barin ko guda ɗaya ta fita sai ya ga takardarta a allo, har oga ya taɓa tsayarwa a bakin ƙofa ya ce ranka ya daɗe a fara shigarwa tukuna.

In ku biyu ne ko uku a shago ɗaya, gaskiya ta yi muku yawa, ƙaramar manhaja ta ishe ku. In kuwa kuna da sito fiye da ɗaya da mutane da yawa masu taɓa kaya da kuɗi, ina ba da shawararta ba tare da shakka ba, sai dai ku fara da sito da sayarwa kawai, kar ku kunna komai rana ɗaya. Mu sai a wata na biyar muka ƙara ɓangaren akanta, na ma'aikata kuma sai mun gama ƙidayar ƙarshen shekara za mu taɓa shi.