Juncus repens a akwatin kifin ado: ba ta mai gaggawa ba ce

Wanda ke son ciyawar da za ta cika masa akwatin gilashi cikin ɗan lokaci, ya nemi wata. Juncus repens tafiyar hawainiya take yi, kuma wannan ne kaɗai babban ƙorafina a kanta.

Asalinta ciyawar fadama ce ta kudu maso gabashin Amurka, wajen Fulorida da Luwiziyana, ana kuma samunta a Kyuba. Can tana fitowa a bakin tafki, ruwa ya rufe ta wani lokaci, wani lokaci ya janye ya bar ta a taɓo. Shi ya sa take rayuwa a nutse ko a sarari. Damin da na saya, da alama a sarari aka raine shi, domin da na dasa a yashi tsofaffin ganyen suka yi ruwan ƙasa suka ruɓe. Na tsinke su na bar saiwar, daga baya sababbi suka fito, sirara, masu ɗan kauri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take yaɗuwa. Kara ya miƙe, a kan gaɓa sai wani ɗan tsiro ya ɓullo da saiwarsa fara tana lilo cikin ruwa. Ka yanke ka dasa, ka samu sabon gindi ba ka biya ko sisi ba. Ƙananan kifaye na son ɓuya a cikinta, kuma nawa ba su taɓa cin ganyen ba.

Launi kuwa sai da haske. Hotunan masu sayarwa na nuna ta ja-ja, amma hakan na zuwa ne idan fitila mai ƙarfi ce kuma akwai taki. Tawa kore ta tsaya, ga ɗauke wuta da ba ya barin fitilar ta yi aikinta. Saboda jinkirin girmanta, gansakuka kan riga ta kama ganyen idan aka yi sakaci da canjin ruwa.

Zafin Afrilu ya ɗan wahalar da ita. Da ruwan ya haura digiri 30 ta daina tsiro, sai da na matsar da akwatin nesa da taga na riƙa kunna masa fanka. Zan sake saye, amma dami biyu ko uku lokaci guda, don ɗaya ba ya rufe komai.